A Bar Mata Wuri, Za Ta Girma

Turmin atamfa yadi shida ne. Idan mace ta kai wa tela ya fitar mata da riga da zani da ɗankwali, da wuya a rasa abin da ya ragu: wani ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu, wani mai lanƙwasa da ya fito daga yankan hammata, wani dogo siriri daga gefe. Tela mai amana yakan naɗe su ya cusa cikin ledar kayan. A gidajen da na tashi ina gani ba a zubar da su. Akwai wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gado inda suke taruwa, tare da allura da zare da maɓallan da aka ɓalle daga rigunan da suka mutu. Daga irin wannan kwalla aka tufatar da yara masu ɗimbin yawa a ƙasar Hausa.

Ɗinkin kayan yaro ƙarami ba ya cikin ayyukan da ake yi wa kirari. Babbar riga mai aska takwas takan ci watanni a hannun maɗinki, kuma ranar da aka sa ta kowa ya san an sa kaya. 'Yar rigar yarinya mai shekara biyu kuwa, yadi ɗaya ya ishe ta har da saura, mai hannu kuma tana iya gama ta tsakanin la'asar da magariba. Duk da haka ban san wani ɗinki da ya kai shi neman a san mai kayan ba. Babba yana da baki. In wuya ya shaƙe shi zai faɗa, in hammata ta matse zai mayar wa tela. Yaro iyakarsa ya yi ta jan wuyan rigar, ya yi ta susa, ya yi ta kukan da za a ɗora wa yunwa ko fitar haƙori, alhali wani kaushin zare ne ke gurzar masa fata a ƙarƙashin hannu. Wadda za ta ɗinka masa sai ta ji masa abin da bai iya faɗa ba tun kafin ta ɗauki almakashi.

Na sha zama kusa da goggona tana wannan aiki, kuma tsarinta bai cika canzawa ba. Farko wanki. Sabon yadi ba ya hawa jikin yaro sai an jiƙa shi an fitar da sitacin kamfani, don ya yi laushi, don kuma in zai tsuke ya tsuke tun yanzu, ba sai an gama ɗinki ba. In ya bushe sai ta shimfiɗa tabarma, ta ninka shi biyu, ta sake ninkawa, ta ɗauko wata tsohuwar rigar yarinyar da za a ɗinka wa ta ɗora a kai. Da guntun sabulun da ya sirance take zagaye rigar, tana barin faɗin yatsa biyu a kowane gefe saboda abin da ɗinki zai ci. A kan wuya ta fi daɗewa. Ƙarami take yanka shi, tana cewa wuya ƙara masa ake yi, ba a rage masa. Sannan ta tsaga bayan kaɗan, domin kan yaro babba ne a kan jikinsa, rigar da ta yi wa kafaɗarsa daidai ba za ta wuce kansa ba sai an yi mata ƙofa. A bakin tsagar ba ta sa maɓalli, tunda duk abin da yaro ya ɓalle baki yake kai shi. Wasu 'yan igiyoyi biyu take yi da ragowar yadin, gajeru ƙwarai, yadda ba za su iya naɗe wuya ba.

"Zo nan, kishiya, in gwada ki," haka take kiran jikarta.

Yarinya ta zo tana zillewa, hannu duk maiƙon ƙosai.

"Tsaya mana. So kike maigidan namu ya ce ban iya ɗinki ba?"

Ta kara yadin a bayanta daga kafaɗa zuwa gwiwa, ta danna farce a inda take so, ta ce, "To, jeki." Gwajin ke nan gaba ɗaya.

Wando ma falle biyu ne kawai, amma hantsarsa takan yi zurfi, saboda akwai ƙunzugu a ciki, kuma yaro tsugunonsa ya fi tsayuwarsa yawa. In roba za a sa a ƙugu maimakon zariya, sai yatsa biyu sun shiga tsakaninta da cikin yaron ba tare da wahala ba; robar da ta bar shaida a fata ta matse. Gefen kuwa sau biyu take bin sa, ta waje da ta ciki, yadda bakin yadin zai ɓuya cikin ninki, kada ya taɓa jiki. Wanda bai sani ba zai ce ɓata lokaci ne a kan wandon da za a shiga taɓo da shi gobe. Sai bazara ta kama, ƙurajen zafi sun feso a wuya da hammata da matsematsi, sannan ake gane amfanin wannan ninki. A lokacin ne kuma ake gane bambancin auduga da yadin roba: ɗaya na shan gumi iska ta ratsa, ɗaya na riƙe shi a jiki. Yadin roba yana da wata illar da ba a cika faɗa ba a gidajen da ake girki a ƙasa yara na rarrafe kusa da murhu. In wuta ta lashe shi narkewa yake yi ya manne a fata.

Sai kalmasa, kuma a nan nake so in daɗe.

A rigar babba kalmasa ƙarshen aiki ce kawai, a naɗe bakin yadi kada ya zare. A rigar yaro ajiya ce. Goggo takan kalmashe faɗin yatsa huɗu, wani lokaci ta ninka sau biyu, kuma da allurar hannu take bin ta, ɗinki warawara, ko da keke na kusa, don ranar da za a kwance kada a sha wahala. Kafaɗa ma takan ɗan sake ta. In wani ya ce rigar ta yi yawa, amsar ba ta canzawa: "A bar mata wuri, za ta girma." Bayan wasu watanni sai a warware kalmasar, riga ta ƙara tsawo, wani layi ya fito a inda tsohon ninkin yake, ƙasansa launin yadin na nan sabo fil domin rana da wanki ba su taɓa shi ba, samansa kuwa ya koɗe. Duk wanda ya tashi a irin gidajen nan ya san wannan layi, ya kuma taɓa yawo da shi a gwiwa.

"Za ta girma." Sai mutum ya tuna waɗanda suke faɗin wannan magana sannan ya ji nauyinta. Iyayenmu da kakanninmu, kaɗan ne a cikinsu ba su rufe ɗa ba. Ƙyanda ta ɗauka, zazzaɓi ya ɗauka, gudawa ta ɗauka, tamowa ta ɗauka. Kuma ba labarin dā ba ne kaɗai: binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, adadin arewa maso yamma kuma ya ɗara haka sosai. Matar da ta san wannan ba a takarda ba, a cikin ɗakinta, ita ce take zama ta naɗe yatsa huɗu na yadi ta ajiye wa baɗi. Ba ta yi gangancin cewa baɗin tabbas ne ba, shi ya sa maganar ba ta fita ita kaɗai, kullum da rakiyarta: "in Allah ya raya." Ranar suna kowa ya ce "Allah ya raya" da baki. Mai kalmasa tana maimaita wannan addu'a da allura, ba mai jin ta.

Akwai wani dalilin da ya sa allura ta dace da iyayenmu mata. Al'adar alkunya ta hana uwa kiran sunan ɗan farinta, ta hana ta yi masa wasa a gaban manya, ta hana ta nuna zumuɗi in an yabe shi. Mai cikin fari ma ba ta tallata shiri. In an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Amma babu al'adar da ta hana ta zama a ƙuryar ɗaki ta ɗinka 'yar taguwa. Ba na cikin masu ganin alkunya rashin ƙauna ce. Ƙaunar tana nan, hanya aka canza mata, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce wannan. In ta tafi wankan gida, uwarta ko goggonta za ta fito da tsohon zani, wanda ya sha wanki har ya yi laushi lilis, a yayyaga shi. Da shi ake naɗe jinjiri, da shi ake yi masa shimfiɗa, da shi ake ƙunzugu. Kayan kanti masu tsada suna nan cikin akwati suna jiran ranar suna da 'yan barka. Abin da ya fara taɓa fatar yawancinmu zanen da wata ta riga ta ɗaura shekaru ne.

Hausa tana da suna ga kowane zango na rayuwar tufa. Yadi ne a kasuwa. Abin da almakashi ya bari ƙyalle ne. In ya hau jiki riga ce. In ta yi wa mai ita kaɗan, an kwance kalmasa har ba saura, sai ta zama kwance, ta gangara wa ƙanwa ko 'yar maƙwabta. In gwiwa ko gindi ya huje a yi maho. In maho ya gaji ta zama tsumma, tsumman kuma bai gama aiki ba: a goge da shi, a sauke tukunya da shi, a naɗa gammo, a cusa a matashin kai. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne. Kowace ɗaya umarni ce ga mai gida game da abin da za ta yi da abin da ke hannunta, kuma jerinsu ya nuna mutanen da suka san wahalar da ke cikin yadi guda.

Sun san ta kuwa, domin da hannunsu suke yin sa. Mace ta gurje auduga, ta shiɓe ta, ta dangwali alli ta murza mazari har zare ya taru. Masaƙi ya saƙa shi sawaye sirara, a harhaɗa su su zama zani, marini ya tsoma a karofi irin na Ƙofar Mata ko na Kura. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Abin da ya ƙara burge shi shi ne ba a manyan masana'antu ake aikin ba, a cikin gidaje ake yi, iyali na samun abinci ba tare da sun watse ba. A shekarar nan ta 1851 ce kuma Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Keken ya daɗe kafin ya shiga ɗakunan matanmu, amma da ya shiga ya zauna: Singer da farko, daga baya Butterfly ta ƙasar Sin, baƙa mai zanen ruwan zinariya, wadda har gobe uba mai hangen nesa yakan sa wa 'yarsa cikin kayan ɗaki. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya, audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ta sami inda za ta je kusa da gida. Daga farkon shekarun 2000 manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Yau in ka shiga Kantin Kwari, mafi yawan abin da ke jibge daga waje ya zo.

Gaskiya ne a zamanin saƙar hannu yaro ƙarami bai cika samun riga ba. Namiji bante, mace jigida da ɗan guntun zani, kuma Bahaushe ya ce da tsirara gara baƙin bante. Rigar yaro ta yawaita ne da yadi ya yi araha, keke ya shigo. Ke nan abin da nake yabo ba tsohon abu ba ne can. Zamani ne na tsakiya, lokacin da yadi ya samu kuma hannu bai manta ba.

Ba zan zagi gwanjo ba. Wanda ya taɓa ganin uba a Ƙofar Wambai ana kwance dila, yana ɗaga 'yan rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya yana auna su da ido da abin da ke aljihunsa, ba zai raina gwanjo ba. Hunturu ba ya jiran a koyi ɗinki, kuma rigar sanyi ba abin da ake yi da ƙyallen atamfa ba ce. Kayan kanti ma suna da ranarsu. Abin da nake lura da shi kawai shi ne yadda suke auna yaro. A wuyan rigar an rubuta wata 12 zuwa 18, ko shekara 2 zuwa 3. An yi ta ne don wani yaro na lissafi, a wata ƙasa mai wani yanayi, kuma ba a bar mata komai a ƙasa ba. Ranar da ta gaza ta gaza. Awon gida daga jiki yake fitowa. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa kan yatsa, taƙi buɗin yatsu ne, gaba buɗin hannu biyu. Mai awo da taƙi dole ta ɗora hannunta a kan yaron. A nan take jin haƙarƙari in sun fito, take ganin cikin da ya kumbura, take lura da ƙurjin da ke bayan wuya, take gane cewa wata uku ke nan tsawon bai motsa ba. Na san kakannin da suka riga kowa cewa "yaron nan ba ya gaba, a kai shi asibiti," kuma a wurin gwajin riga suka gano.

Tela fa? Tela yana da hakkinsa, kuma mafi yawan teloli a kan kayan yara suka koyi taka keke. Amma kowa ya san abin da ke faruwa a goman ƙarshe na azumi. Shago ya cika da shadda da leshi, ga rashin wuta, ga masu kaya tsaye a ƙofa. Kayan yara kuɗinsu kaɗan ne, ga su da cin rai saboda ƙanƙantar hannu da wuya, don haka su ne a ƙasan tari. In an kai kansu daren Sallah, yaron shago ne zai zuba su cikin gaggawa, zare na reto, bakin yadi a buɗe, a maƙala zif mai kaifi a bayan jaririya. In ba a kai ba, da safe yara na kuka 'yan'uwansu na tafiya idi. Ba mugunta ba ce, lissafin kasuwa ne. Sai dai gidan da ke da mai iya fitar da riga daga yadi ɗaya ba ya shiga wannan layi.

Abin da ke damuna shi ne kalmomin suna bin hannun. Ka tambayi 'yan makarantar yau mene ne maho, ko basilla, ko taƙi, ka ga nawa ne za su amsa. Ba laifinsu ba ne. Kalmar aiki a bakin mai aiki take rayuwa. Ba wanda ya koyi "kalmasa" daga ƙamus. An miƙo masa allura ne aka ce "kalmashe min nan," ya yi ba daidai ba, aka warware aka ce sake. Muna yawan kuka a taruka cewa Hausa na cika da aro, muna kafa kwamitin ƙirƙiro sunayen na'urori, alhali ga ɗaruruwan kalmomi namu na kanmu suna fita ta ƙofar baya saboda mun daina ayyukan da suke ɗauke da su. In aikin ya bar gida, sunan zai rage a littafi, amma abin da ke bayansa, wato sanin cewa ana ajiye wa yaro wuri, cewa tufa ba ta mutuwa sau ɗaya, cewa ana taɓa yaro kafin a tufatar da shi, wannan ba ya shiga littafi.

Kada kuma maza su ce ba da su ake ba. A ƙasar Hausa ɗinki tun asali sana'ar maza ce. Malamai da almajirai ne suka riƙe allura a zaure, su ne masu babbar riga da hula, kuma har yau maza ne suka fi yawa a shagunan tela. Uban da ya iya ɗinke maɓallin rigarsa zai iya bin gefen wandon ɗansa. Ba a kuma buƙatar keke kafin a fara. Allura, zare, almakashi mai kaifi, yadi ɗaya na auduga, da tsohuwar rigar yaron da za a ɗora a kai, sun isa. Ta farko za ta karkace, wuyan zai yi faɗi, ɗinkin zai yi tsalle-tsalle. Yaro mai shekara biyu ba zai ƙi ta don wannan ba, muddin ba ta cizon sa.

Masu wannan sani suna nan da ransu, a ɗakunan baya na gidajenmu, idonsu ne kawai ya fara rauni wajen zura zare. In akwai irin wannan tsohuwa a gidanku, ku sayo yadi ɗaya a wannan makon ku kai mata. Ku zaunar da yaran kusa da ita, maza da mata, ɗaya ya zura mata zare, ɗaya ya riƙe bakin yadi, ku bar ta ta faɗi sunan kowane abu yadda ta san shi.